SHARHI: Yadda maɓallin kunna bidiyo zai iya sace muryar jarida a arewacin Zamfara

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe turakun sadarwarsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, wanda ya ce hakan zai taimaka wa jami'an tsaro wajen yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko. Sai a farkon Oktoba layi ya dawo a Gusau, garuruwa irin su Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kuwa suka ci gaba da zama a yanke na tsawon wasu makonni. Duk wanda ya yi wannan zaman ya san darajar labari, domin a lokacin mutum kan hau mota ya bar jihar don kawai ya ji muryar ɗan'uwansa.

Wancan haɗari ne da kowa ya gani da idonsa. Akwai wani kuma da ba ya nuna alama. Layi na nan daram, shafin jaridar da ka saba karantawa ya buɗe, sunansa da tambarinsa da adireshinsa duk daidai suke, amma saƙon da ke fitowa daga cikinsa ba na masu shafin ba ne. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ake bi a yi wannan aika-aika ita ce 'yar manhajar nan da ke ba ka damar danna maɓalli ka saurari murya ko ka kalli bidiyo a shafin intanet. Masana tsaron intanet sun shafe fiye da shekara goma suna gano tsaga iri ɗaya a jikin irin waɗannan manhajoji, tsagar da suke kira XSS a taƙaice.

A yawancin wurare ana kallon wannan a matsayin ciwon kan masu haɗa shafuka. A arewacin Zamfara, inda faifan murya na minti ɗaya zai iya hana mota tashi daga tasha ko ya watsa kasuwa, lamarin ya shafi tsaron jama'a kai tsaye, kuma nauyinsa na wuyan masu buga labarai kamar yadda tantance majiya ke wuyansu.

Yankin da labari ke tafiya da murya

Direban da zai tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ta Moriki, ko wanda zai bi ta Zurmi ya nufi Jibiya, tambayarsa ta farko ita ce ko hanya lafiya. Haka ma ɗan kasuwar da ke shirin zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Amsar ba kasafai take zuwa a rubuce ba. Takan zo ne a saƙon murya, ko guntun hirar rediyo da wani jami'i, ko bidiyon da aka ɗauka da waya. Wannan ya sa ƙananan shafukan labarai na Hausa, da shafukan gidajen rediyo, da na ƙungiyoyin matasa da malamai masu wa'azi, ke dogaro da manhajar kunna sauti da bidiyo.

Masu riƙe da mulki da masu riƙe da bindiga duk sun san ƙarfin wannan hanya. Bello Turji ya daɗe yana amfani da bidiyo wajen isar da barazana, kuma a ƙarshen 2024 ya fitar da wani da ya ambaci Shinkafi da Zurmi da Isa. A Afrilun 2024, maharan da suka afka wa garin Zurmi sun lalata kayan sadarwar waya. A ɗaya ɓangaren, a Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafofin yaɗa labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauki taron siyasar jam'iyyar PDP, matakin da hukumar NBC ta ce ya saɓa doka.

Cikin wannan yanayi, masu karatu da suka waye sun koyi ƙa'ida ɗaya. Idan aka turo musu murya a WhatsApp, sai su leƙa shafin jaridar da suka yarda da ita su ga ko ta ɗauki labarin. Idan ta ɗauka, hankali ya kwanta cewa gaskiya ne. Wannan ƙa'idar ce XSS ke rusawa, domin ƙaryar takan fito ne daga cikin shafin da aka je neman tabbaci.

Mai shela da takardar da aka cusa masa

Kowane shafin intanet umarni ne a rubuce. Manhajar da kake buɗe shafi da ita a waya, wato burauza irin su Chrome ko Opera, ita ke karanta umarnin ta aiwatar: ta ajiye hoto a nan, ta jera rubutu a can, ta kunna sauti idan an danna. Wani sashe na wannan umarni ana rubuta shi ne da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda ke iya canza duk abin da ke kan shafi, ya karanta abin da aka rubuta a cikin fom, ya kuma aika saƙo a madadin mai amfani da shafin. Ƙa'idar burauza ita ce duk umarnin da ya zo daga adireshin wani shafi, na shafin ne, kuma tana ba shi cikakkiyar dama a kan abin da ke cikin wannan shafin.

Misalin abin kamar mai shelar fada ne. Jama'a na yarda da shi ne saboda sun san daga bakin sarki yake magana. A ce yana da al'adar karanta sunayen waɗanda suka kawo gaisuwa, sai wani ya miƙa masa takarda a matsayin suna, alhali a ciki an rubuta cewa kowa ya bar gari kafin magariba. Idan mai shela bai bambance suna da umarni ba, zai faɗa da muryar fada, jama'a kuma su bi. Ba a karya ƙofar fada ba, ba a taɓa sarki ba, amma an yi magana da yawunsa.

Haka XSS yake. Shafi kan karɓi rubutu daga waje, kamar sunan faifai ko adireshin imel ko kalmar bincike, sannan ya sake nuna shi. Idan wanda ya rubuta manhajar bai sa ta tace wannan rubutu ba, mai kutse zai rubuta umarnin JavaScript a gurbin suna, burauzar mai karatu kuma ta aiwatar da shi a matsayin umarnin shafin. Wani lokaci umarnin kan zauna dindindin a rumbun shafin, ya riƙa aiki a kan duk wanda ya buɗe. Wani lokaci kuma a jikin adireshin da aka turo maka ake ɓoye shi, ya yi aiki a kanka kai kaɗai da zarar ka danna. A Oktoban 2005 wani matashi ɗan Amurka, Samy Kamkar, ya nuna saurin yaɗuwar nau'in farko a dandalin MySpace, inda umarninsa ya kama shafukan mutum fiye da miliyan ɗaya cikin kimanin sa'a 20.

Dalilin da ya sa manhajar kunna sauti ke yawan tsagewa

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya an gina su ne da WordPress, kuma shi ne zaɓin mafi yawan ƙananan jaridun intanet a Najeriya saboda kyauta ne. Mai shafi kan ƙara masa ƙananan manhajoji da ake kira filogin, kowace da aikinta: wata ta kunna rediyo kai tsaye, wata ta jera faifan wa'azi, wata ta nuna bidiyo. Mutane daban-daban ne ke rubuta su, wasu kamfanoni ne, wasu kuma mutum ɗaya ne da ke yi a lokacin hutunsa. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro Patchstack na 2023 da 2024 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na sabbin raunukan da aka gano a duniyar WordPress a cikin filogin suke, kuma wajen rabinsu XSS ne.

Manhajar kunna sauti tana da nata rauni na musamman, domin aikinta shi ne karɓar bayanai daga waje. Tana karɓar adireshin faifan, da sunansa, da sunan mai magana, da hoton bango, da rubutun fassara, da faɗi da tsawon akwatin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce, kuma mantawa da tace guda ɗaya ya isa.

Tarihi ya tabbatar da haka. A 2013 an gano XSS a cikin Audio Player, ɗaya daga cikin fitattun filogin ɗin sauti na wancan zamani. A ranar 6 ga Mayu, 2016, WordPress ya fitar da gyara mai lamba 4.5.2 bayan masu bincike na kamfanin Cure53 na Jamus sun gano irin wannan tsaga a MediaElement.js, manhajar da WordPress kansa ke amfani da ita wajen kunna sauti da bidiyo. A ranar 16 ga Janairu, 2018, an sake fitar da gyara mai lamba 4.9.2 saboda wata tsagar a tsofaffin fayilolin Flash na wannan manhaja, inda a wannan karon aka cire fayilolin baki ɗaya. A 2019 kuma aka gano wata a FV Flowplayer Video Player, wadda darasinta ya fi dacewa da gidan jarida. Manhajar tana da akwatin da mai kallo zai rubuta imel ɗinsa don a riƙa turo masa sabon bidiyo. Kowa na iya rubuta umarni a wannan akwati, kuma umarnin kan tashi ne lokacin da mai kula da shafin ya buɗe jerin sunayen masu rajista.

Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, amma matsalar ba ta tafi da shi ba. Nau'in da ake yawan ganowa yanzu shi ne wanda ke buƙatar mai kutse ya mallaki ƙaramin asusu a shafin, irin wanda ake buɗe wa wakili ko ɗalibi mai neman horo, wanda ke iya rubuta labari amma ba ya iya wallafawa. Sai ya ɓoye umarni a wurin da ake saka sunan faifai, ya tura labarin don a duba. Da zarar babban mai kula da shafin ya buɗe labarin, umarnin zai yi aiki da ikonsa, ya buɗe sabon asusun mai cikakken iko a asirce. Ba a saci kalmar sirrinsa ba, da hannunsa aka buɗe ƙofar ba tare da ya sani ba. Jaridar da ke da wakilai a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, kowa da asusunsa a wayar da za a iya ƙwacewa a hanya ko a bari a shagon caji, ta fi kowa buƙatar fahimtar wannan.

Su wa ke amfani da wannan ƙofa

Mafi yawan masu shiga ta wannan tsaga ba su san sunan jaridar da suka kama ba. Manhajoji ne ke yawo a intanet dare da rana suna gwada kowane shafi, don haka ƙanƙantar shafi ba ta kare shi. A Afrilun 2023 kamfanin Sucuri ya ƙiyasta cewa wani gungu da aka laƙaba wa suna Balada Injector ya gurɓata shafukan WordPress fiye da miliyan ɗaya tun daga 2017. A Satumban wannan shekarar kaɗai, kamfanin ya ga shafuka fiye da 17,000 da gungun ya kama, fiye da 9,000 daga ciki ta hanyar XSS a filogin ɗin tagDiv Composer. Wannan filogin shi ke tafiya tare da Newspaper da Newsmag, wato rigunan ado da aka ƙera musamman don shafukan labarai. Masu karatun waɗannan shafuka sai su tsinci kansu a shafin cin gasar bogi ko na damfara. A nan gida, inda shafukan bogi na tallafin gwamnati da ɗaukar aiki ke neman lambar BVN da NIN, ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba idan irin wannan fom ya bayyana a ƙarƙashin sunan jaridar da aka amince da ita.

Akwai kuma masu shiga da manufa. A Nuwamban 2023 sashen binciken barazana na Google ya bayyana cewa gungu huɗu daban-daban sun yi amfani da XSS guda a manhajar imel ta Zimbra wajen kai hari kan hukumomin gwamnati a Girka da Moldoba da Tunisiya da Biyetnam da Pakistan, inda suka nemi sace saƙonni da bayanan shiga asusu. Abin lura a rahoton shi ne yawancin hare-haren sun faru ne bayan gyaran ya fito fili. Fitowar gyara tamkar shela ce ga masu kutse cewa ga inda bango ya tsage, wanda bai yi saurin liƙe nasa ba kuwa ƙadangare zai same shi.

Illar dasa ƙarya a kafar da aka yarda da ita ma ba hasashe ba ne. A ranar 24 ga Mayu, 2017, aka kutsa shafin kamfanin dillancin labaran Ƙatar aka wallafa kalaman da aka jingina wa sarkin ƙasar. Ƙatar ta musanta nan take, amma a ranar 5 ga Yuni Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, rikicin da bai ƙare ba sai a Janairun 2021. A ranar 31 ga Mayu, 2024, aka dasa labarin ƙarya a kamfanin dillancin labaran Polan cewa gwamnati za ta kira mutum 200,000 aikin soja. Ta kowace ƙofa aka shiga, sakamakon ɗaya ne: ƙaryar na riga ƙaryatawa isa.

Abin da ke cikin haɗari a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Mu ƙaddara cewa daren Laraba ne, wani ya sami damar cusa umarni a shafin wata ƙaramar jarida da mutanen yankin ke bibiya. Ba ya buƙatar goge komai. Zai iya barin kanun labarin da hoton jami'in yadda suke, ya musanya faifan da maɓallin ke kunnawa kawai. Mai karatu ya danna yana jiran bayanin 'yan sanda, sai ya ji wata murya na cewa mahara na tafe, ko kuma akasin haka, cewa hanya lafiya alhali ba lafiya ba. Kafin editan ya farka, an ɗauki hoton shafin an naɗi muryar an watsa a WhatsApp, tare da adireshin jaridar a matsayin hujja. Umarnin na iya zaɓar waɗanda zai nuna wa ƙaryar, misali masu buɗewa da waya kaɗai, ta yadda editan da ke dubawa a kwamfuta zai rantse cewa shafinsa lafiya lau.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni, wato tonon asirin majiya. A yankin da zargin zama ɗan rahoton 'yan bindiga ko ɗan rahoton jami'an tsaro ke iya jawo kisa, sunan mutumin da ya turo bidiyo daga wani ƙauye sirri ne na rai da mutuwa. Wanda ya mallaki asusun mai kula da shafi zai ga labaran da ba a wallafa ba, da saƙonnin da aka aiko ta fom ɗin tuntuɓa, da imel da lambobin waya na masu sharhi, da asalin hotunan da aka ɗora kafin a dusashe fuskoki, waɗanda wani lokaci ke ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su.

Na uku shi ne zaɓe. A Agustan 2025 hukumar INEC ta fara ayyana zaɓen cike gurbin ɗan majalisar jiha na Ƙaura Namoda ta Kudu a matsayin wanda bai kammala ba, sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna. A irin waɗannan sa'o'i na jiran sakamako, faifan bogi guda a shafin da aka amince da shi ya isa ya fitar da matasa kan titi. Wanda ke ganin abin ya yi nisa ya tuna cewa a ranar zaɓen shugaban ƙasa, 28 ga Maris, 2015, masu kutse sun sauya fuskar shafin INEC kanta. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma shafukan 'yan takara da na magoya bayansu, waɗanda ake haɗawa cikin gaggawa a watsar bayan zaɓe, su ne mafi rauni.

Doka ta fi saurin isa ga mai shafi

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutse, amma kama wanda ya shigo ta adireshin wata ƙasa aiki ne mai wuya. Mai shafi kuwa an san sunansa da gidansa. Sashe na 24 na dokar, wanda Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, an yi masa kwaskwarima a Fabrairun 2024, amma har yanzu yana hukunta aika saƙon da aka san ƙarya ne da nufin tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Watanni kaɗan bayan kwaskwarimar, a Mayun 2024, 'yan sanda suka tsare Daniel Ojukwu na kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ na fiye da mako guda bisa zargin saɓa wannan doka.

Editan da aka dasa wa ƙarya a shafi zai iya kare kansa da cewa ba shi ya wallafa ba, kuma bai san da ita ba. Sai dai hujjar da zai gabatar tana cikin kundin da ke rubuta wanda ya shiga shafin da lokacin da ya shiga da abin da ya taɓa. Wanda bai adana wannan kundi ba, maganarsa ce kawai zai je da ita ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma nauyin da doka ta ɗora masa shi kansa. Dokar da aka gyara ta buƙaci a kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT cikin sa'a 72. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ita ma ta buƙaci a sanar da hukumar NDPC cikin sa'a 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa. Jaridar da ke tattara imel da lambobin wayar masu karatu tana cikin waɗanda wannan ya shafa.

Me ya sa ba a liƙe tsagar

Ba sakaci kaɗai ba ne. Yadda ake gina yawancin ƙananan shafuka shi ne a biya wani matashi ya haɗa, ya miƙa kalmar sirri, ciniki ya ƙare. Ba a yin yarjejeniyar kulawa, don haka babu wanda aikinsa ne ya duba sanarwar sabuntawa. Ga kuma tsadar lasisi. Filogin da rigunan shafi masu inganci da dala ake sayensu, dalar da ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023 zuwa sama da naira 1,500 a 2024. Kafin nan ma, a 2022 bankuna da dama sun taƙaita abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya. Mafitar da mutane da yawa suka bi ita ce sauke kwafin sata kyauta. Kwafin sata ba ya samun gyara daga masu shi, wani ma da cutar a cikinsa yake zuwa, kamar yadda kamfanin Wordfence ya nuna a 2019 game da muguwar manhajar WP-VCD da ke yaɗuwa ta irin waɗannan kwafe-kwafe. Araha ba ta ado.

Hukumomi na yin gargaɗi. A 2024 hukumar NITDA ta ja hankalin masu shafuka kan wani babban rauni a filogin ɗin LiteSpeed Cache da miliyoyin shafuka ke amfani da shi. Amma irin wannan sanarwa da Turancin ƙwararru take fitowa daga Abuja, kuma da wuya ta isa ga matashin da ke tafiyar da shafin labarai daga wayarsa a Ƙaura Namoda.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu shafuka, mafi yawan maganin ba ya cin kuɗi. A ƙirga filogin ɗin da ke shafin, a goge duk wanda ba a amfani da shi, domin kashewa kaɗai ba ta cire fayilolinsa. WordPress na iya kunna sauti da bidiyo da kansa tun 2013, don haka shafuka da yawa ba sa buƙatar wata manhaja ta daban. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, wadda ta samu ga filogin tun Agustan 2020. Duk filogin da masu shi suka daina gyarawa a nemi madadinsa. A riƙa duba jerin masu cikakken iko kowane mako, a rufe asusun wakilin da ya bar aiki ko wayarsa ta ɓata. Edita ya riƙa duba labaran wakilai da asusu mai ƙaramin iko, ya ajiye babban asusun don ranar da ake buƙatarsa. Shiga da matakin tantancewa biyu na da amfani sosai wajen hana satar kalmar sirri, amma ba ya tsayar da umarnin da ke aiki bayan an riga an shiga, saboda haka kada a ɗauke shi a matsayin maganin komai. Sama da duka, sunan majiya da asalin faifansa kada su taɓa kwana a cikin shafin.

Kowace jarida kuma ta tanadi hanya ta biyu da masu karatu suka sani tun kafin matsala, ko shafin Facebook ko tashar WhatsApp ko haɗin gwiwa da gidan rediyo, wadda za ta yi amfani da ita ta ƙaryata cikin mintuna. Idan aka kutsa, a faɗa wa masu karatu gaskiya da wuri. Ɓoyewa don kare suna shi ke ƙarasa kashe sunan.

Ga mai karatu, idan maɓallin kunna bidiyo ya ce sai ka sauke wata manhaja, ko ka rubuta kalmar sirri ko lambar BVN, ka rufe shafin. Idan aka turo maka adireshi mai tsawo da baƙin alamomi, ka shiga shafin jaridar da kanka ka nemi labarin. Labarin hari ko na sakamakon zaɓe kuwa, kada ka tura shi gaba sai ka ji shi daga kafa ta biyu da ba ta dogara da ta farko ba.

Ga hukumomi, aikin a bayyane yake. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jihar, ZITDA, na iya fassara gargaɗin NITDA da ngCERT zuwa Hausa ta isar da su ga masu shafuka. Reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na Zamfara na iya sanya tsaron shafi cikin horon da yake bai wa mambobinsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda na yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara, kuma binciken lafiyar shafukan yankin, da rubutaccen izinin masu su, aikin kammala karatu ne da zai amfani al'umma ya kuma buɗe wa ɗaliban sana'a.

A 2021 da umarnin hukuma aka yanke muryar arewacin Zamfara, kuma da umarnin hukuma aka dawo da ita. Yardar mai karatu ba ta dawowa da takarda. Jaridar da aka yi ƙarya da bakinta sau ɗaya, ranar da ta zo da gargaɗin gaskiya direban tashar Ƙaura zai yi shakka, kuma a kan hanyar Shinkafi wannan shakkar na iya cin rai. Duba filogin ɗin shafi aikin rabin sa'a ne, kuma gara a yi shi kafin daren Larabar da muke tsoro.